Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Tarihin Ɗan Adam da Ƙananan Halittun Ƙasar Noma

Duk wanda ya taɓa tuge wake ko gyaɗa a lokacin da suke fure ya ga wasu 'yan gudaji maƙale a jikin saiwarsu, wasu kamar ƙwayar dawa, wasu ba su kai haka ba. Mafi yawan masu gani ba sa tsayawa a kansu, in ma sun tsaya sukan ɗauka wata cuta ce ta kama shukar. Ba su kaɗai suka yi wannan zato ba. Marcello Malpighi, masanin ƙasar Italiya da ya zana hoton waɗannan gudaji a littafinsa na 1679, ya ɗauka kumburi ne irin wanda ƙwaro kan haddasa idan ya yi ƙwai a jikin itace. Sai da aka ƙara shekara 200 da 'yan kai kafin a gane cewa kowane gudaji gida ne, kuma mazauna cikinsa su ne ke ciyar da shukar da abin da manomi ke sayen buhunsa yau da ɗan karen tsada, wato naitirojin, sinadarin da ke cikin takin yuriya.

Manoma dai sun riga malaman kimiyya sanin amfanin dangin wake da nisa. Theophrastus, ɗalibin Aristotle a ƙasar Girka, ya rubuta tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) cewa wake ba ya gajiyar da ƙasa, har ma kamar taki yake zame mata. Columella na daular Rum ya yaba wa wani ɗan uwan wake da Larabawa ke kira turmus, wanda ake binnewa ɗanye a gona. A ƙasar Sin, Jia Sixie ya ba da irin wannan shawara a ƙarni na 6. Manomin ƙasar Hausa kuwa, wanda wake ya samo asali a yankinsa na Afirka ta Yamma, bai rubuta kome ba, amma ya ci gaba da jefa wake a tsakanin gero da dawa shekara bayan shekara, yana kuma barin gawo a tsakiyar gona alhali ya sare sauran itatuwa. Dukansu sun ga abin da ke faruwa a doron ƙasa. Dalilin da ya sa yake faruwa shi ne ya gagari kowa, domin yana ƙarƙashin ƙasa, kuma ya fi ƙarfin ido.

A 1676 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya leƙa ɗigon ruwa da madubin ƙara girma da ya haɗa da hannunsa, ya ga ƙananan halittu suna ninƙaya a ciki. Shi ne mutum na farko da ya ga bakteriya. Amma babu wanda ya danganta wannan abin mamaki da gona. Da aka shiga ƙarni na 19, masana haɗa sinadarai ne suka karɓe zancen noma, kuma su a wurinsu ƙasa rumbu ce kawai: shuka ta ɗiba, manomi ya mayar. Babbansu, Justus von Liebig na Jamus, ya fitar da littafinsa a 1840, inda ya nuna cewa tsiro na rayuwa da ma'adinai, ya kuma dage cewa ɗan naitirojin da ruwan sama ke saukowa da shi ya wadatar.

A nan ne rigimar ta taso. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma a ɗaure yake ɗaurin da tsiro ba ya iya kwancewa. Shuka na tsaye a cikin tekunsa, tana kuma mutuwa da yunwarsa. Wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Boussingault, ya yi shekaru yana auna duk abin da ya shiga gonarsa ta Bechelbronn da duk abin da ya fita. A 1838 ya bayyana cewa dangin wake na ƙarewa da naitirojin fiye da wanda aka ba su, alkama kuwa ba ta yin haka. Daga ina ƙarin ya fito? Boussingault ya yi zargin iska. Domin ya rufe bakin masu musu, sai ya sake gwajin a shekarun 1850 cikin tsananin tsafta: ya ƙone ƙasar da zai yi shuka a ciki, ya kuma kulle shukar a cikin gilashi don kada wani abu ya shiga daga waje. Wannan karon bai ga ƙarin kome ba, sai ya janye maganarsa.

A Ingila ma haka aka yi. John Lawes da Henry Gilbert, masu tashar binciken Rothamsted, tare da wani matashi Ba'amurke mai suna Evan Pugh, sun gudanar da irin wannan gwaji da matuƙar kulawa, suka buga sakamakonsa a 1861: babu tsiron da ke cin naitirojin na iska. Su kuwa ba ƙananan mutane ba ne. Lawes ne ya fara sana'ar takin supa a 1842, kuma gonar gwajin alkama da suka buɗe a 1843 har yau ana nomanta. Saboda haka maganarsu ta zauna kusan shekara 25. Abin da bai faɗo musu a rai ba shi ne, wutar da suka sa don tsarkake ƙasar ta kashe ainihin abin da suke nema. Gonakinsu na fili suna nuna musu cewa wake na ƙara wa ƙasa ƙarfi, tukwanensu na cikin gilashi suna ƙaryatawa, su kuwa suka fi gaskata tukwanen saboda su ne suka fi tsafta. A ganina wannan na daga cikin kurakuran da suka fi ban tausayi a tarihin kimiyya, domin ba sakaci ya jawo shi ba, ƙwazo ne ya yi yawa.

Iskar ta fara juyawa a 1877, lokacin da Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suke tace ruwan kwata ta cikin yashi. Sun lura cewa sinadarin da ke cikin ƙazantar na rikiɗa ya koma irin wanda tsiro ke sha, amma da suka busa masa kulorofom, maganin da likitoci ke sa mutum barci da shi, sai rikiɗar ta tsaya cik. Abin da magani ke iya sumar da shi kuwa mai rai ne. Ashe ƙasa ba rumbu ba ce kurum, akwai ma'aikata a cikinta.

Wanda ya warware ƙullin wake shi ne Hermann Hellriegel, tare da mataimakinsa Hermann Wilfarth, a tashar bincike ta Bernburg a Jamus. Su ma ba wake suka fita nema ba. Suna so ne su san adadin abincin da kowace shuka ke bukata, don haka suka riƙa shuka a cikin wankakken yashi suna auna abin da suke zubawa. Sha'ir da 'yan uwansa suka bi ƙa'ida: a ba su naitirojin kaɗan su yi kaɗan, a ba su da yawa su yi da yawa, a hana su su mutu. Wake kuwa ya ƙi bin doka. A tukwanen da ba a zuba kome ba, duk shukar takan yi rawaya da zarar abincin cikin ƙwayar iri ya ƙare. Daga nan wasu su mutu, wasu kuma ba zato ba tsammani su farfaɗo su yi kore shar. Da aka tuge su, sai aka ga waɗanda suka farfaɗo suna da gudaji a saiwa, matattun kuwa babu.

Sai Hellriegel ya yi gwajin da duk wani ɗan makaranta zai iya maimaitawa yau. Ya jiƙa ƙasar gona a ruwa, ya tace, ya zuba ɗan ruwan a wasu tukwane. Ya tafasa sauran ruwan ya zuba a wasu. Tukwanen da suka sami ɗanyen ruwa suka yi gudaji suka yi kyau, na tafasasshen ruwa suka bushe. Ya kuma lura da wani abu da daga baya zai zama tushen nasara da faɗuwar duk wani mai sayar da waɗannan halittu: ruwan ƙasar da ya tayar da wani irin wake bai yi wa turmus kome ba, sai da aka ɗebo ƙasa daga inda aka saba noman turmus. Kowane iri da abokinsa. A watan Satumba na 1886 ya gabatar da wannan a taron masana a Berlin. Mutanen Rothamsted suka koma gida suka maimaita gwajin, suka ga haka ne, suka kuma amsa a fili. A 1888 Martinus Beijerinck, a garin Delft ɗin nan na Leeuwenhoek, ya ware bakteriyar ita kaɗai ya rene ta a faranti, shekara guda bayan haka aka raɗa mata suna Rhizobium.

Yadda abin ke gudana ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne. Saiwar wake na fitar da wani sinadari mai kiran bakteriyar, ita kuma ta amsa da nata. Idan kalmar sirrin ta dace, sai saiwar ta buɗe mata hanya, ta gina mata ɗaki, ta riƙa aiko mata da sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana. Ita kuwa bakteriyar ta kwance naitirojin na iska ta miƙa. Aikin ba ya yiwuwa idan iskar oksijin ta yi yawa, saboda haka shukar ke samar da wani jan sinadari ɗan uwan wanda ke cikin jininmu, wanda wani Bajapane mai suna Kubo ya gano a 1939, domin ya riƙe iskar ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. Shi ya sa idan aka fasa gudaji da farce aka ga cikinsa ja-ja, to yana aiki. Idan fari ne ko kore, cin banza yake yi.

Ba a daɗe ba 'yan kasuwa suka shigo. A 1896 Friedrich Nobbe da Lorenz Hiltner suka fitar da Nitragin, bakteriyar wake a cikin kwalba, haja ta farko irinta a duniya. An yi ta murna, har ana cewa manomi zai sa takin gona guda a aljihun riga. Amma a gonaki da yawa ba a ga kome ba, domin halittun na mutuwa a kwalbar kafin su isa. A farkon ƙarni na 20 ma'aikatar gona ta Amurka ta gwada busar da su a jikin auduga tana aika wa manoma ta gidan waya, alhali bushewa na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Manoman da suka gaji da jira suka koma wa hanyar Hellriegel: su je tsohuwar gonar da shukar ta yi kyau, su ɗebo ƙasa amalanke-amalanke su watsa a sabuwa. Hanyar na aiki, sai dai tana tahowa da irin ciyawa da cututtukan tsohuwar gonar. An ɗauki shekaru kafin a gane cewa baƙar ƙasar dausayi mai riƙe laima ita ce ta fi dacewa a ɗauko su a ciki, an kuma ƙara wasu shekarun kafin ƙasashe irin su Ostireliya su kafa, a shekarun 1950, hukumar da ke ƙirga halittun da ke raye a cikin fakiti kafin a bari a sayar.

Kafin a kai ga haka, wani abu ya riga ya ɗauke hankalin duniya. A 1898 William Crookes ya yi wa masanan Birtaniya gargaɗi a Bristol cewa yunwa na tafe idan ba a sami sabuwar hanyar samun naitirojin ba, domin kashin tsuntsayen tsibiran Peru ya kusa ƙarewa, gishirin hamadar Chile kuwa, wanda aka yi yaƙi a kansa tun 1879, ba zai dawwama ba. A 1909 Fritz Haber ya kwance naitirojin na iska a ɗakin gwaji, Carl Bosch ya mayar da dabarar masana'anta a Oppau a 1913. Abin da bakteriya ke yi shiru a cikin sanyin ƙasa, masana'anta na yin sa da zafin da ya haura digiri 400 da matsin da ya ninka na iska sau ɗari da wani abu. Duk da haka buhu ya yi nasara, kuma da dalili: ana iya auna shi, ba ya mutuwa a rumbu, yana kuma yi wa alkama da masara da shinkafa aikin da Rhizobium ba ta yi musu. Masu lissafi na cewa kusan rabin mutanen duniya a yau da abincin wannan taki suke rayuwa. Wanda ya raina shi bai san yunwa ba. Ƙasar Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya a 2021, noman shinkafa ya faɗi, kafin shekara ta fita gwamnati ta janye dokar.

Tarayyar Sobiyet ta bi wata hanyar. A shekarun 1950 ta watsa bakteriya masu zaman kansu a ƙasa, waɗanda ba su da gudaji, a miliyoyin hekta. Da masana na wasu ƙasashe suka auna da kyau, ƙarin amfanin da suka samu kaɗan ne, sau da yawa ma babu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Cokali ɗaya na ƙasa mai kyau na ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin halittu da suka saba da zafinta da tsaminta da abincinta. Wanda aka zubo daga kwalba baƙo ne da ya sauka a gari mai cike da jama'a, babu masauki, babu mai masauki. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Rhizobium ta tsira daga wannan ne kawai don akwai mai jiran ta da ɗaki da abinci.

Ƙasar da ta fi kowa cin moriyar wannan fahimta ita ce Birazil, kuma mace ce ta ja gaba. An haifi Johanna Döbereiner a 1924 a ƙasar Cekosulobakiya ta wancan lokaci, yaƙin duniya na biyu ya raba ta da gida, ta karanta aikin gona a Jamus, ta isa Birazil a 1950 ta kama aiki a tashar bincike ta Seropédica kusa da Rio de Janeiro. A shekarun 1960, da Birazil ta ƙudurta noman waken suya gadan-gadan, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne a zuba masa takin naitirojin kamar kowace shuka. Döbereiner ta tsaya kai da fata cewa a bar shi da bakteriyarsa, kuma a riƙa zaɓen iri a gonakin da ba a sa wannan takin ba, yadda irin da ya fi iya zama da bakteriya shi zai yi fice. Hikimar a nan take, domin wake malalaci ne: idan ya sami naitirojin a sauƙaƙe sai ya daina gina gudaji. Aka bi shawararta. Yau Birazil ce ta fi kowace ƙasa noman waken suya, kusan ba tare da takin naitirojin ba, abin da ke tsare mata biliyoyin daloli kowace shekara. Döbereiner ta rasu a 2000. A 2025 wata da ta bi sawunta a hukumar binciken gona ta Embrapa, Mariangela Hungria, ta karɓi Kyautar Abinci ta Duniya saboda ci gaba da wannan aiki.

Ya kamata a lura da abin da ya sa aka dace a can. Waken suya ɗan asalin ƙasar Sin ne, saboda haka da ya isa dajin Cerrado bai tarar da abokinsa a ƙasa ba. Bakteriyar da aka shafa wa iri ba ta sami ɗan garin da zai yi takara da ita ba. Sannan an gyara tsamin ƙasar da farar ƙasa, an zuba fosfaras, an kuma yi dokar ingancin abin da ake sayarwa. Bakteriya ta ɗauke nauyin sinadari ɗaya ne cikin jerin abin da shuka ke bukata, sauran kuwa sai da aka saya.

Akwai wata ƙungiyar ma'aikatan da ta girme wa Rhizobium nesa ba kusa ba. A 1885 gwamnatin Furushiya ta sa Albert Frank ya binciko yadda za a noma wani irin naman ƙasa mai tsada da attajirai ke so. Bai samo hanyar ba, amma ya gano cewa saiwoyin itatuwan dajin na lulluɓe da zaren funfuna, kuma itatuwan lafiyarsu lau. Ya kira abin maikoraiza, wato funfunar saiwa. Zaren ya fi gashin saiwa siranta, yana kutsawa inda saiwa ba ta isa, ya jawo fosfaras da ruwa, a biya shi da sukari. An ga alamunsa a duwatsun Rhynie na Sikotilan masu shekara kusan miliyan 400, kuma mafi yawan tsirran duniya na da shi. A shekarun 1950 Barbara Mosse ta nuna a Ingila cewa dashen da ke da shi ya fi wanda ba shi da shi girma. Mai lambu zai so ya san cewa albasa, mai gajerun saiwoyi marasa gashi, ta dogara da shi ƙwarai, kabeji da alayyafo kuwa kusan ba ruwansu da shi.

Wannan funfuna ce ta bayyana wani abu da manomin dawa ya daɗe da sani, wato ƙuduji ya fi addabar gonar da ta gaji. A 1966 masana a Amurka suka gano sinadarin da ke fita daga saiwa ya tayar da ƙwayar ƙuduji daga barci. Abin ya ɗaure kai: me zai sa shuka ta kira mai kashe ta? Sai a 2005 Kohki Akiyama da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa kiran ba na ƙuduji ba ne. Shukar na kiran funfunar saiwa ne ta zo ta taimaka mata, kuma gwargwadon ƙarancin fosfaras a ƙasa, gwargwadon ƙarfin kiran. Ƙuduji laɓe kawai yake yi, ya ji kira ya riga mai gaskiya zuwa. Gwaje-gwajen da aka yi a arewacin Kamaru sun nuna cewa dawar da funfunar ta riga kamawa ba ta cika fama da shi ba.

To, ina ƙasar Hausa ta tsaya a wannan tarihi? Masu binciken ƙasa irin su Michael Mortimore, da suka yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, sun yi mamakin yadda ake noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, jama'a kuma cunkushe, amma ƙasar ba ta mutu ba. Amsar na cikin zagayen da manomi ya gina. Wake da gyaɗa na kama naitirojin, harawarsu ta tafi ga tumaki da awaki a turke, takin ya dawo gona a mangala tare da tokar murhu da sharar birni da jakuna ke fitowa da ita. Gawo, wanda shi ma ɗan dangin wake ne mai gudaji, na zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa su bar taki. Manomin bai sayi halitta ko ɗaya ba, ciyar da na gida ya yi. Gwajin dogon zango da aka fara a Samaru a 1950 ya ƙarfafa wannan: filayen da aka yi ta zuba wa takin naitirojin shi kaɗai sun yi tsami, waɗanda aka haɗa musu da kashin shanu kuwa sun riƙe ƙarfinsu.

Da waken suya ya fara yaɗuwa a Nijeriya, matsalar Birazil ta taso, amma aka ba ta wata amsar. Irin da aka kawo daga Amurka ba ya shiri da bakteriyar ƙasarmu, ga shi babu masana'antar da za ta samar da tasa, babu kuma sanyin da za a adana ta. Masu bincike a cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, suka lura cewa tsohon irin nan Malayan da ake nomawa a Binuwai na yin gudaji da bakteriyar da wake ke amfani da ita. Sai suka yi ta barbara har suka fitar da jerin irin TGx marasa zaɓen aboki. Maimakon a kawo wa iri baƙo, sai aka koya masa zama da ɗan gari. Awarar da ake soyawa a bakin titi a Kano da Zariya da Maraɗi na da alaƙa da wannan shawara. Daga baya shirin N2Africa, wanda ya fara a 2009 ƙarƙashin jagorancin Ken Giller na jami'ar Wageningen, ya gwada a gonakin manoma da dama a arewacin Nijeriya, ya ga cewa ko waɗannan irin sukan ƙara yabanya idan an shafa musu bakteriya mai kyau, musamman in an haɗa da supa, ko da yake sakamakon ya bambanta ƙwarai daga gona zuwa gona. Daga nan IITA ta fara yin NoduMax, wanda ake manna wa iri da ruwan ƙaro, a inuwa, a shuka a ranar. Cibiyar ce kuma ta fitar da Aflasafe, ƙwayar dawa da aka lulluɓe da funfunar gida marar dafi, a watsa a gonar masara ko gyaɗa makonni biyu zuwa uku kafin fure, ta mamaye wurin kafin 'yar uwarta mai dafin afulatoksin ta samu. A nan ma ɗan gari aka tura wa ɗan gari.

Yanzu da buhun yuriya ya gagari talaka, kwalabe da fakitoci masu alƙawarin farfaɗo da ƙasa sun cika shagunan kayan gona, kuma masu lambu ne suka fi saye. Wasu na da tushe, wasu kuwa Nitragin ne na 1896 da sabon tambari. Haɗin nan da ake kira EM, wanda Teruo Higa na jami'ar Ryukyus a Okinawa ya fitar a shekarun 1980, ya zagaye duniya. Da masu bincike a Suwizalan suka gwada shi shekara huɗu a fili, suka kwatanta mai rai da wanda aka kashe halittunsa da zafi, ba su ga bambanci ba. Ɗan amfanin da aka samu daga dusar da aka cuɗa shi da ita ya fito. Wani binciken da aka buga a 2022 ya tarar cewa mafi yawan fakitocin funfunar saiwa da aka sayo a kasuwannin Turai da Amurka da Ostireliya ba su kama saiwa ba sam. Idan haka ta faru a ƙasashe masu sanyi da hukumomin sa ido, mai karatu ya ƙiyasta halin fakitin da ya kwana wata uku a rumfar kwano cikin zafin Afrilu. Hukumomin da ke yi wa irin waɗannan kaya rajista a ƙasashenmu suna da aikin da Ostireliya ta yi shekara 70 da suka wuce, wato su buɗe fakiti daga shago, ba daga hannun kamfani ba, su ƙirga abin da ke raye. Kafin su yi, mai lambu na da dabarar Hellriegel: fangali biyu kusa da juna, iri ɗaya, ban ruwa ɗaya, ɗaya a zuba masa abin kwalbar yadda yake, ɗaya a zuba wanda aka tafasa.

Tambayar da Boussingault ya bari a 1838, wato me ya sa alkama ba ta yin abin da wake ke yi, har yanzu ita ce babbar farauta. Döbereiner ta ƙare rayuwarta tana bin bakteriyar da ke zaune a jikin rake da ciyayi. A 2018 aka buga labarin wata masara da mutanen tsaunukan Sierra Mixe a jihar Oaxaca ta Meziko suka gada kaka da kakanni. Tana kai mita biyar, tana fitar da saiwoyi a gaɓoɓin kara sama da ƙasa, idan an yi ruwa su riƙa ɗigar da wani abu mai yauƙi. A cikin yauƙin akwai bakteriya masu kama naitirojin, kuma awon da aka yi ya nuna masarar na samun kashi 29 zuwa 82 cikin 100 na bukatarta daga iska. Aibinta shi ne tana ɗaukar wata takwas ko fiye kafin ta nuna, ga kuma gardamar da ta taso kan rabon da ya kamata mutanen tsaunin su samu idan kamfanoni suka ci riba da irinsu. Masu binciken sun riga sun juya ga dawa, domin ita ma akwai irinta masu fitar da saiwoyin sama da yauƙi bayan ruwa, kuma an sami irin waɗannan bakteriya a cikinsa.